Ɗan sanda ya ajiye biro da ya ji ina zuwa asibitin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 36, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara tara ke nan da likita ya ce ina da ciwon ƙwaƙwalwa da ake kira sikizofireniya. An kwantar da ni sau biyu a shekarun farko. Yanzu shekara huɗu rabon da ciwon ya tashi. Ina karɓar allura duk wata, ina shan ƙwayata da dare, ban taɓa tsallake ranar ganin likita ba.

Kwana goma sha biyu da suka wuce na zo shago da safe na tarar an ɓalle kwado. An kwance kan kekena na lantarki, an ɗauke ƙaramin janareto da shaddojin mutane guda bakwai. Ina zargin wani yaro da na koya wa ɗinki, wanda na sallama wata biyu baya saboda 'yan ɗauke-ɗauke, domin da yammacin ranar na gan shi tsaye a bakin layinmu.

Na tafi caji ofis. Ɗan sandan da ke kanta ya fara rubutu, sai wani abokin aikinsa ya shigo ya gane ni. Gaskiya ne, shekara shida da suka wuce, ina cikin ciwo, na je ofishin nan sau biyu ina cewa ana bina kuma ana zuba mini guba a randa. Ya raɗa wa na kantar magana. Mutumin ya ajiye biro ya ce, "Malam, ka sha maganinka yau?" Sauran suka kwashe da dariya. Aka ce in je in zo da wani babba a gidanmu.

Yayana ya ce in bar wa Allah, kada in tona wa gida asiri, kuma damuwa za ta tayar mini da ciwo. Masu shadda sun matsa mini. Mahaifin yaron yana yawo a unguwa yana cewa ciwona ne ya motsa, wai ƙila ni na sayar da kayan na manta. Abin da ya fi ba ni tsoro, na fara tambayar kaina ko da gaske na ga yaron. Barcina ma ya ragu. Shin mai irin ciwona ba shi da haƙƙin kai ƙara ne?

Wani tela, daga Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya ƙara lafiya.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai sauƙin amsa, don haka bari mu kawar da ita tukuna. Kana da haƙƙin kai ƙara kamar kowane ɗan ƙasa. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 175, ta ce kowa yana iya ba da shaida a kotu, har ta ware mai larurar ƙwaƙwalwa ta yi magana a kansa: ba a hana shi ba da shaida sai idan larurar ta kai ba ya fahimtar tambayar da aka yi masa, ko ba ya iya mayar da amsa mai ma'ana. Alƙali ne ke auna wannan, kuma a ranar yake aunawa, ba da abin da ya faru shekara shida baya ba. Mutumin da ya rubuto wasiƙa irin taka, da kwanaki da ƙirgen kaya da abin da kowa ya faɗa, ya haye wannan ma'auni da nisa. Akwai kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta haramta nuna wa mai irin larurarka wariya. Ko a fiƙihu, malamai sun bambanta wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya da wanda ciwo ke zuwa masa yana tafiya; shi na biyun, a lokacin da yake garau, hukuncinsa na mai hankali ne, cinikinsa ciniki, maganarsa magana.

Wannan ke nan a takarda. A kanta kuwa ka ga yadda aka yi. Dariyar da aka yi maka wulaƙanci ce, ba mu da wani suna da za mu sauya mata. Amma idan kana son komawa ka yi nasara, sai ka fahimci abin da ke cikin kan mutumin nan. Abin da ya tuna game da kai ba ƙarya ba ne, ka je ka faɗi maganar randa. Shi bai ga shekara huɗun da ka yi kana bin layin allura ba, bai ga ɗinkin da ka fitar a cikinsu ba. Kuma ɗan sandan kanta yana jin ƙorafi iri-iri a wuni, galibi yana neman dalilin da zai rage wa kansa aiki. Ranar ka zo masa da baki kawai, bakin kuma shi ne abin da ya riga ya yanke cewa ba zai dogara da shi ba. Saboda haka wannan karon za ka je da abubuwan da ba su dogara da bakinka ba.

Ɗauki takarda ka raba ta gida uku. A gida na farko ka rubuta abin da hannu zai iya taɓawa: kwado a ɓalle, teburin keke babu kai, wurin janareto wayam, shadda bakwai na mutum bakwai da ke raye suna nemanka. A gida na biyu ka rubuta abin da ka gani ko aka gaya maka: na ga yaron a bakin layi da yamma, wajen ƙarfe kaza. A gida na uku ka rubuta abin da kake zato: shi ne ya yi. Yanzu duba da kyau. Ƙararka tana tsaye ne a kan gida na farko kaɗai. An fasa shago an kwashe kaya, laifi ya tabbata, ko an san ɓarawon ko ba a sani ba. Gida na biyu ɗan haske ne ga mai bincike. Gida na uku kuwa ra'ayi ne, kuma mai cikakkiyar lafiya ma yana kuskure a nan kullum. Yaron da ya yi watanni yana zuwa layin nan, yana da abokai a ciki, tsayuwarsa a bakin layi ba ta zama hujja ba. Muna kyautata zaton cewa ranar da ka je ka haɗe gidajen uku a numfashi ɗaya, kamar yadda duk wanda aka yi wa sata yake yi. Ga wanda ya taɓa jin ka ce ana binka, "na gan shi, shi ne" ta yi masa kama da waccan tsohuwar magana, sai ya zubar da gida na farko tare da na uku.

Wannan rabon zai kuma amsa maka tambayar da ke hana ka barci. Ka ce ka fara shakkar ko ka ga yaron. To, a ƙaddara ma ba ka gan shi ba. Kwadon zai koma ya ɗinke kansa? Kan keken zai dawo kan tebur? Ciwonka yana iya sa mutum ya ji muryar da babu ita ko ya ɗauki zato ya mayar da shi yaƙini, amma ba ya kwance kan keke mai nauyi ya fitar da shi daga layi babu wanda ya gani. Kuma ka lura da wani abu: a lokacin maganar randa, ka yi shakka? Mai cikin wannan hali ba kasafai yake tambayar kansa ko ya yi kuskure ba, tabbacinsa ya fi dutse. Tambayar da kake yi wa kanka yau ta fi kama da aikin hankalin da ke kan ƙafafunsa. Idan aka yi ta gaya wa mutum "ka tabbata kuwa?" kwana goma sha biyu, ko wane ne zai fara kokwanto.

Duk da haka, matakinka na farko asibiti ne, ba caji ofis ba, kuma gobe muke nufi, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Raguwar barci ita ce muka fi ɗauka da muhimmanci a duk wasiƙarka. Tashin hankali irin wannan yana iya tayar da ciwon ko ga mai shan magani a kan lokaci, kuma barci ne yakan fara gaba. Ka je da maiɗakinka, domin ita ta san yadda kake zama idan abin zai taso. Ka gaya wa likita komai, har da shakkar da kake yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga ma'aunin da za ka riƙe a kwanakin nan: idan waɗanda kake zargi suka fara yawa, yau yaron, gobe mahaifinsa da maƙwabta, jibi 'yan sanda da yayanka duk sun haɗa baki, ko muryoyi suka dawo, ko ka yi dare biyu zuwa uku barci bai zo ba, to a jingine batun ƙara a hannun wakili, a koma asibiti. Zuwa wurin likita bai zama ka yarda da maganar mahaifin yaron ba. Ana iya yi wa mutum sata kuma ciwonsa ya motsa a mako ɗaya, ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba.

A can ne kuma za ka nemi takarda. Ka roƙi likita ya rubuta gajeriyar wasiƙa a takardar asibiti mai hatimi da kwanan wata, wadda ta ce kana zuwa ganin likita a kai a kai tun shekara kaza, kana karɓar magani, kuma a ranar da ya duba ka ya same ka cikin hayyacinka, kana iya ba da bayani a tsare. Iyakarta ke nan. Likita ba zai rubuta cewa an yi maka sata ba, bai gani ba, kada ma ka nema. Kada kuma ka ɗauki fayil ɗinka ko takardun kwanciyar da ka yi a baya ka kai caji ofis. Duk wanda ya buɗe su zai tsaya a kan mafi munin shafi. Irin wannan wasiƙa takan ɗauki kwanaki kuma akan biya ɗan kuɗi, shi ya sa muke cewa ka fara da ita. Manyan asibitoci suna da sashen walwalar marasa lafiya. Tambayi ma'aikacin sashen ko zai iya raka ka ko ya yi magana ta waya da DPO, shugaban caji ofis ɗin. Wani lokaci wannan kiran ya fi takardar aiki.

Sai tara hujja. Idan kwadon da aka ɓalle yana nan, sa shi a leda ka adana. Ɗauki hoton ƙofar, wurin da aka sa ƙarfe aka banƙare, da teburin keken. Idan a safiyar ka ɗauki hoto ko wani maƙwabci ya ɗauka, waɗannan sun fi daraja, domin waya tana riƙe ranar da aka ɗauka. Kada ka goge su, kada ka gyara su. Nemo rasit ɗin keke da na janareto. Kan keken lantarki yana da lamba a jikinsa, kuma sau da yawa tana rubuce a rasit. Idan ya ɓata, koma wurin wanda ya sayar maka ya duba littafinsa, ko ka tambayi mai gyaran da ke yi maka sabis ya faɗi alamomin da ya sani, kamar wurin da fenti ya goge ko ƙarfen da ya taɓa sauyawa. Littafin awonka ma shaida ne: sunan kowane mai shadda, ranar da ya kawo, yadi nawa, wane launi. Idan akwai ƙyallen da ya rage daga wadda ka riga ka yanka, maƙala shi a shafin. Sannan mutane. Wa ya fara ganin ƙofar da safe? Wa ya ga ka rufe shago da daddare kayan suna ciki? Akwai mai gadi ko 'yan sintiri a layin? Mutum biyu da za su ce "mun ga ƙofa a ɓalle" sun wadatar wajen kashe zancen cewa kai ka sayar ka manta. Idan akwai kemis, gidan mai ko shagon POS mai kyamara a kusa, je yau ɗin nan, domin na'urorin suna taka tsohon hoto da sabo bayan kwanaki ko 'yan makonni, kuma sha biyu sun riga sun tafi.

Daga nan a rubuta takardar koke zuwa ga DPO, shafi ɗaya tak, a buga ta a kwamfuta. Sunanka da sana'arka, ranar da lokacin da ka rufe shago, lokacin da ka tarar da shi, abin da aka ɗauka da kuɗin kowanne, sunayen shaidu. Batun yaron ya zo a layi ɗaya a ƙasa, da wannan lafazin: akwai wanda na sallama daga aiki wata biyu baya, na gan shi a layin da yammacin ranar, ina roƙon a bincika. Kada ka rubuta "shi ne ɓarawon". Doka tana hukunta ɓata suna da kuma kai ƙarar ƙarya da gangan, amma wanda ya faɗi abin da ya gani ya kira zatonsa zato bai taka ko ɗaya ba, ko da bincike ya wanke yaron. A yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa a buga wa ɗayar hatimin karɓa da kwanan wata, ka tafi da ita gida. Magana ta baki tana iya mutuwa a kanta, takarda mai hatimi kuwa sai wani ya yi bayanin inda ta kwana. Idan kana da halin lauya ya rubuta maka ita, ya fi.

An ce ka zo da babba. A doka babu wanda ya isa ya ɗora maka wannan sharaɗi, kai magidanci ne. Amma mu ma muna cewa ka je da mutum, don wata manufa daban. Gaban ɗan rakiya ana rage raini, kuma akwai wanda zai riƙe abin da aka faɗa. Zaɓi mai kwarjini da sanyin kai: shugaban telolin unguwarku, mai unguwa ko wakilinsa, limami, ko ɗaya daga cikin masu shaddar, wanda shi ma asararsa ce. Ku yi yarjejeniya tun a gida cewa kai za ka yi magana. Abin da ke ɓata irin wannan tafiya shi ne ɗan sanda ya juya ga ɗan rakiya ya ce "me ya same shi?", shi kuma ya karɓe zancen, ka koma kamar yaron da aka kawo. Amsarsa ta zama, "Ga shi nan, tambaye shi, ni shaida na zo."

Ku je tsakiyar mako da hantsi, wajen goma zuwa sha ɗaya, lokacin nauyin ƙwayar dare ya sake ka kuma manyan ofis suna nan. Safiyar Litinin cike take da rigingimun ƙarshen mako, bayan Juma'a kuwa ofis yakan yi sako-sako. Idan allura takan sa maka kasala ko taurin jiki a kwanakin farko, kauce wa waɗannan kwanakin. Kada ku tsaya jayayya a kanta, ku ce kun kawo koke ga DPO, in ba ya nan a haɗa ku da DCO, jami'in da ke kula da binciken laifuka a ofishin. Idan aka ba wani ɗan sanda aikin, wato IPO, rubuta sunansa da lambar wayarsa, ka tambayi ranar da zai zo ganin shagon. Wajen sitatimen kuma a kula sosai. Yawanci ɗan sanda ne ke rubutawa da Turanci. Kafin ka sa hannu a karanta maka da Hausa, ɗan rakiyarka ya bi da ido, ku tabbatar ba a mayar da "ina zargi" ta koma "na ga yana ɗauka" ba. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar fili a cikinta. Kai ƙara kyauta ne. Za a iya neman kuɗin mota ko na fayil, kuma shawarar bayarwa ko hanawa taku ce, amma kada ka taɓa kuɗin maganinka don wannan.

Za ka faɗi ciwonka ko za ka yi shiru? A wani ofishin da ba a san ka ba, babu dokar da ta tilasta maka ka fara da shi. A nan an riga an sani, saboda haka ka riga su, da jimla biyu, cikin natsuwa: "Ranka ya daɗe, ina da larura, ina kan magani shekara tara, ga takardar likitana. Shekara shida baya na zo nan ina cikin ciwo; yau sata na kawo, ga kwado, ga rasit, ga shaidu." Ka tsaya nan. Kada ka musa zuwan da ka yi a baya, kada kuma ka shiga ba da tarihinsa. Wanda ya ambaci abin da ake shirin yi masa gori da shi ya karɓe sandar daga hannun mai gorin.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Magungunan wannan ciwo, musamman tsofaffi irin su Largactil da allurar Modecate, suna sa rawar hannu, bushewar baki, fuska ta zama babu walwala, wani ma ya kasa zama wuri ɗaya. Ɗan sanda yana fassara waɗannan da rashin gaskiya ko shaye-shaye. Riƙe ruwa a hannu, idan hannunka yana rawa ka ce magani ne, ka ci gaba. Idan kuma likita ya haɗa maka da Artane ko Exol don rage taurin jiki, ka san cewa ƙwaya ce da 'yan shaye-shaye suka ɓata wa suna. Kada a same ta warwatse a aljihunka. Ka bar ta a gida, in dole ne ka riƙe ta to a cikin kwalinta tare da katin asibiti. Abu ɗaya da ba za mu lamunta ba shi ne ka tsallake magani don ka je da kuzari. Mutane suna yin haka, kuma ta nan ake rasa lafiyar da ƙarar baki ɗaya.

Idan aka sake yin dariya, kada ka ɗaga murya. Fushin da za a yafe wa kowa, a kanka za a rubuta shi a matsayin ciwo. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake. Ku rubuta sunan jami'in da lokaci, ku fita. Takardar nan dai za a sake bugawa zuwa ga Kwamandan Yanki, in ta kama har Kwamishinan 'yan sanda na jiha, a ƙara layi ɗaya cewa an kai ƙara ranar kaza ba a karɓa ba. Rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi a kan jami'anta, CRU, tun 2015. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana da ofis a jiha kuma ba a biyan kuɗin kai koke, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ma za ta iya ba ka shawara. Akwai kuma hanyar da mutanen Arewa suka saba da ita, ƙara kai tsaye a kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci, inda alƙali kan tura wa 'yan sanda su bincika su kawo rahoto. Wannan sai da shawarar lauya, domin tana buƙatar ka ambaci wanda kake ƙara, kai kuwa abin da ke hannunka a kan yaron bai kai nan ba tukuna.

Yayanka kuma kada ka ɗauke shi abokin gaba. Mai yiwuwa shi ya yi jinyarka sau biyun nan, ya san abin da ya gani, tsoro ne ke magana a bakinsa. Rabin maganarsa daidai ne, damuwa tana tayar da ciwo. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa shiru ba damuwa ba ne. Mutumin da masu shadda ke bi, unguwa na cewa ya sayar ya manta, ba ya cikin kwanciyar hankali don ya zauna a gida. Asirin da yake gudun tonuwa kuma mahaifin yaron ya riga ya kai shi majalisa. Kada ka tambaye shi ko ya yarda da kai. Kai shi shagon, nuna masa ƙofar, ka ce: "Yaya, gobe zan ga likita, ka raka ni. Idan ya ce lafiyata ba za ta ɗauka ba, na ba ka wuƙa da nama. Idan ya ce ƙalau nake, ka tsaya mini." Ka ba tsoronsa wurin zama, kai kuma ka samu abokin tafiya. Ka ƙara masa da wannan: masu irin larurarka an fi cutar da su fiye da yadda suke cutarwa, kuma wani ɓarawon yana zaɓen su ne don ya san ba za a saurare su ba. Shagon da aka fasa aka ji shiru, ana komawa.

Mahaifin yaron yana kare ɗansa ne da makamin da ya fi kusa da hannunsa, kuma ɗan nasa yana iya zama bai san hawa ba bai san sauka ba. Kada ka je gidansu, kada ka tare yaron, kada ka sa sunansa ko hotonsa a Facebook ko WhatsApp, kada ka kwana gadin layi. Mai unguwa ne zai kira uban ya ce ya daina zancen lafiyarka. Idan a zaman nan aka ga alamar kaya za su dawo ta hanyar sulhu, ba aibi ba ne ka karɓa, in dai a gaban shaidu aka yi kuma aka rubuta. Ko da za a bi sulhu, a shigar da koken tukuna; mai takarda mai hatimi a aljihu ya fi ƙarfi a zaman sulhu.

Masu shadda ka kira su ɗaya bayan ɗaya kafin su zo, ka nuna musu kwafin koken. A ra'ayin da ya fi shahara a mazhabar Malikiyya, mai sana'a yana ɗaukar lamunin kayan da aka kawo masa aiki sai idan ya kafa shaidar cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba, don haka shaidun ƙofar nan da takardar nan suna da aiki na biyu. Malamin unguwarku zai warware muku yadda za a yi a kan kowace shadda. Wanda ya yafe, ka gode. Wanda ya ce sai an biya, ku tsayar da adadi da lokacin da ba zai karya ka ba, a rubuce.

Kada mu yi maka alkawarin da ba namu ba: kayan sata irin wannan ba kullum suke dawowa ba, ko ga wanda 'yan sanda suka karɓa hannu bibbiyu. Inda aka fi samun sa'a shi ne wajen sayarwa, domin kan keke ba ya shiga aljihu, dole ya bi ta hannun mai gyara ko dillalin tsofaffin kekuna. Ba shugaban teloli lambar keken da alamominsa ya yaɗa a tsakaninsu. Idan aka kira ka aka ce an ga mai kama da shi, kada ka je kai kaɗai kuma kada ka ce naka ne a wurin. Wanda ya raka ka ya duba lambar kamar mai son saye, ya ɗauki hoto, ku fito waje ku kira IPO.